Aron da Babu Ranar Mayarwa: Tsakanin 'Yanci da Tsaron Ƙasa

Duk wanda ya hau babur a garin Gombe tsakanin 2014 da 2015 ya haddace dokar shinge ba tare da an karanta masa ita ba. Da ka hango durom-durom da buhunan yashi, sai ka kashe mashin, ka sauko, ka kama kansa ka tura. Fasinjanka ya biyo ka a ƙasa. Ba a amsa waya, ba a sa hannu a aljihu, ba a waiwaye. Sai ka wuce masu kaki da tazara mai kyau sannan ka sake hawa. Na tura, na kuma ga sa'o'in mahaifina suna turawa, babbar riga na sharar ƙasa, gumi na tsiyaya ta ƙarƙashin hula. Wata rana wayar wani saurayi ta yi ƙara a daidai wurin, ya ɗauka bisa sabo. Aka sa shi tsallen kwaɗo cikin rana har ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Muka wuce shi kowa kansa a sunkuye.

Ba mu yi gunaguni sosai ba, kuma da dalili. A watan Mayun 2014 an kashe Sarkin Gwoza, Idrissa Timta, a hanyarsa ta zuwa Gombe jana'izar Sarki Shehu Abubakar. A watan Nuwamba 'yan Boko Haram suka shiga kamfanin siminti na Ashaka. Ranar 22 ga Disamba bam ya tashi a Tashar Dukku. Ranar 14 ga Fabrairun 2015, ranar da tun farko aka tsayar don zaɓen shugaban ƙasa kafin a ɗage shi, suka kutso cikin garin da kansu, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. A jajibirin ƙaramar sallar wannan shekarar, 16 ga Yuli, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwa ana tsakiyar cefane, kusan mutum 50 suka rasu. Mutumin da ya ga wannan, in ka ce masa tura babur tauye haƙƙi ne, kallon mahaukaci zai yi maka.

Na taɓa kai ƙorafin saurayin nan gaban baffana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, mai rai shi ke da 'yanci. Je ka maƙabarta ka tambaye su ina nasu. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Na ce, "Haka ne, Baffa," na yi shiru, don ba ni da amsa a lokacin. Shekaru sun ja kafin na gane cewa gaskiya ya faɗa, amma rabinta.

Sai mun fara da kalmar kanta. 'Yanci daga ɗa ya fito, shi ya sa a Sakkwato da Nijar za ka ji ana cewa ɗiyauci. Kishiyar ɗa a tsohuwar Hausa kuwa bawa ne: ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi. To mene ne ya raba su? Ba wahala ba ce, don talaka ɗa yakan fi bawan sarki shan wuya nesa ba kusa ba. A fadar Kano bayi ne ke riƙe da sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, suna da dawaki da gidaje da faɗa a ji. Ba kuma rashin shugaba ba ne, don ɗa ma yana bin sarki, yana biyan haraji, yana zuwa in alƙali ya kira. Abin da ya raba su shi ne, duk jin daɗin bawa a hannun wani yake. Yau an ga dama an ba shi, gobe a ga dama a karɓe, kuma ba shi da bakin cewa don me. Ɗa kuwa ko za a taɓa shi, sai an faɗi laifinsa, sai an bi hanya, kuma yana da inda zai kai kuka.

In aka riƙe wannan, an kauce wa ruɗu biyu. Masu cewa 'yanci shi ne kowa ya yi abin da ya ga dama sun ɓata. Wannan ba 'yanci ba ne, sakaka ce, kuma mun ga ƙarshenta a hannun 'yan Kalare a Gombe da 'yan Sara-suka a Bauchi. Masu cewa tunda mun samu mulkin kai ranar 1 ga Oktoban 1960 magana ta ƙare, su ma sun ɓata. Ƙasa tana iya cin gashin kanta alhali mutanen cikinta suna zaune a ƙarƙashin ganin-damar wani.

Mutanen Bauchi sun riga kowa sanin haka. A farkon shekarun 1940 an kafa wani zauren tattaunawa a garin, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama da ma'aikatan En'e da Turawa ana muhawara. Da yardar hukuma aka fara. Da tambayoyi suka fara taɓa sarakuna da yadda ake tafiyar da En'e, sai aka rufe shi. An ba su dama, an karɓe dama, babu wanda ya isa ya ce don me. Daga irin wannan ƙuncin jam'iyyar NEPU ta fito a 1950 da kalmarta ta sawaba. Shi kansa Tafawa Ɓalewa, da ya zama Firayim Minista, a hannunsa aka kafa dokar ta-ɓaci ta farko bayan mulkin kai, a Jihar Yamma cikin Mayun 1962, aka taƙaita zirga-zirgar Obafemi Awolowo, kuma a 1963 kotu ta ɗaure shi shekara 10 kan cin amanar ƙasa. Har yau ana gardama ko tsaron ƙasa aka kare ko an karya 'yan hamayya ne. Tsohuwar rigima ce, ba Boko Haram ta kawo ta ba.

Me tsarin mulkin 1999 ya ce? Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Babi na huɗu ya jero haƙƙoƙi: rai a sashe na 33, mutunci a na 34, sakewa daga kamu da tsarewa a na 35, shari'ar adalci a na 36, sirri a na 37, addini a na 38, faɗin albarkacin baki a na 39, taro da ƙungiya a na 40, zirga-zirga a na 41. Sai sashe na 45 ya buɗe ƙofa. Ya ce ana iya taƙaita waɗanda ke tsakanin 37 da 41 saboda tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a, ko doka da oda, ko tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. Amma da sharaɗi: sai ta hanyar doka, kuma dokar da hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ba umarnin baka ba, ba "daga sama aka ce" ba.

A lura da abin da ƙofar nan ba ta taɓa ba. Sashe na 34, wanda ya hana azabtarwa da wulaƙanci, ba ya cikin jerin, ko a lokacin dokar ta-ɓaci. Wato tura babur da muka yi yana da mazauni a doka, don an sha amfani da babur a kai hari a tsere. Maiduguri ta hana babur a 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Tsallen kwaɗon saurayin nan kuwa ba shi da mazauni ko kaɗan. Bai hana bam ko ɗaya tashi ba. Abin da ya haifar kawai shi ne saurayi guda wanda in ya ga baƙuwar fuska a unguwarsu, masu kaki ne na ƙarshe da zai je ya gaya wa.

Ga inda nake ganin rabin da baffana ya bari. Abin da muka yi a shinge ba kyauta ba ce, aro muka bayar. Mun ce ga wani yanki na sakewarmu, ku riƙe, ku tsare mana rai da shi. Aro kuwa Bahaushe ya san ƙa'idarsa tun daga makarantar allo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a ambaci ajalinsa, a rubuta, a kafa shaidu. Malaman fiƙihu kuma da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, ba su tsaya nan ba, sun ƙara da cewa ana auna ta gwargwadonta. Wanda yunwa ta kai shi ga mushe zai ci abin da zai riƙe ransa ne, ba zai buɗe rumfar tsire da shi ba.

Ku duba dokar ta-ɓacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayun 2013. Duk da aibinta, aro ce mai ajali. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisa ya amince, kuma bayan wata shida ta faɗi sai in an sabunta. An sabunta sau biyu. A cikinta aka yi kisan ɗaliban Buni Yadi, aka kwashe 'yan matan Chibok, aka ƙwace Gwoza da Mubi. Da aka dawo neman ƙari a Nuwamban 2014, Majalisar Wakilai ta ƙi. Ajali ya ba da damar a tambaya: wata 18 ɗin da muka ba ku, me kuka yi da su? Yawancin abin da ake karɓa a hannunmu da sunan tsaro ba ya zuwa da wannan damar.

Mu dawo Bauchi. Ranar 26 ga Yulin 2009, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi wutar Boko Haram ta fara kamawa, kafin ta bazu zuwa Potiskum da Wudil da Maiduguri. Kwana huɗu bayan nan sojoji suka kama shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka wayi gari da gawarsa. Surukinsa, Baba Fugu, dattijo ne da ya kai kansa da aka kira shi, shi ma bai fito da rai ba. Daga baya kotu ta yanke wa iyalinsa diyyar naira miliyan 100. A lokacin mutane da yawa sun yi hamdala, an kashe maciji. Ba a sare kansa ba. Da an kai Yusuf gaban alƙali, da an ji wa ke ba shi kuɗi, wane ɗan siyasa ya yi hulɗa da shi, ina makamai suka fito. Duk wannan an binne shi tare da shi, aka kuma miƙa wa mabiyansa hujjar ɗaukar fansa da suka yi shekaru suna jan yara da ita. Ranar 7 ga Satumban 2010 suka dawo Bauchi, suka fasa gidan yari, fursunoni sama da 700 suka tsere. Keta shari'ar da aka yi don a gaggauta samun tsaro, tsaron ta fara ci.

Kada a ce na mance da ɗaya ɓangaren. Jami'in tsaro yana da ƙorafin da ba na wasa ba. An sha kama Yusuf ana sakinsa kafin 2009. Shari'a tana jan ƙafa, shaidu suna tsoron rayukansu, kayan binciken zamani sun yi ƙaranci. Wa'azin da ke kafirta jama'a yana halatta jininsu ba albarkacin baki ba ne, kuma gwamnatin da ta zuba masa ido ta ci amana. 'Yan ta'adda ma su ne na farko wajen ƙwace 'yancin magana: ranar 1 ga Fabrairun 2014 aka harbe Sheikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa, kuma Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, ya fito ya ce su ne. Akwai lokacin da a garuruwanmu ba a ambatar sunan ƙungiyar a majalisa, sai a ce "yaran nan" ana waige-waige. Saboda haka ba na cikin masu cewa kada a tsare wanda ake zargi sai an gama tara hujja. Sashe na 35 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in babu, ya kuma keɓe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta ba da damar tsare mutum kwana 60 da izinin alƙali, ana iya sabuntawa. Yana da yawa, amma aƙalla akwai ajali, akwai sa hannu, akwai wanda za a tuhuma.

Matsalar tana wurin waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba. Ƙungiyar Amnesty ta ce a rahotonta na 2015 sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011. Rundunar ta musanta. Abin da ba a musanta ba shi ne shari'o'in da aka fara a barikin Kainji a 2017, inda alƙalai suka sallami ɗaruruwan mutane saboda babu hujjar da za a tuhume su da ita, bayan sun shafe shekaru a kulle. A nan Malam Sidi, cikin ƙaramar hukumar Kwami, akwai sansanin shirin Operation Safe Corridor da aka fara a 2016, inda ake karɓar tubabbun 'yan Boko Haram, a koya musu sana'a, a yaye su da biki. Ba ina kushe shirin ba ne, yaƙi irin wannan ba ya ƙarewa da bindiga kaɗai. Amma ku sa kanku a matsayin manomin da aka kwasa a samame, ya yi shekara huɗu a tsare ba laifin tsaye ba na zaune, aka sake shi ba ko sannu. Wane darasi ƙasa ta koya masa?

Akwai kuma tambayar da ba a son ji: tsaron wa? Tsaron ƙasa daban, tsaron kujera daban, amma riga ɗaya suke sawa. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa doka ta 2, mai ba da ikon tsare mutum ba shari'a, da doka ta 4 wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. A watan Agustan 2018, yana shugaban farar hula, ya tsaya gaban taron lauyoyi na ƙasa ya ce dole bin doka ya rusuna wa tsaron ƙasa da maslaharta. A lokacin Kanar Sambo Dasuki yana tsare tun Disamban 2015, kotuna suna ba da belinsa ana ƙin saki, kotun ECOWAS ta ce a sake shi a 2016, bai fito ba sai Disamban 2019. Abin lura, shi ne mai ba da shawara kan tsaro da ya nemi a ɗage zaɓen 2015 da hujjar tsaro. Kalmar da ya yi aiki da ita, ita aka kulle shi da ita. Sheikh Ibrahim Zakzaky ma babbar kotun tarayya ta ce a sake shi a Disamban 2016, bai fita ba sai da kotun Kaduna ta wanke shi a Yulin 2021. Ba sai kana son ɗayansu ba. Ni ma ina da ra'ayina a kan kowannensu. Amma ran da gwamnati ta zaɓi hukuncin kotun da za ta bi da wanda za ta take, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma ni da kai mun koma zaman ganin-dama.

Haka aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. Haka sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da matasan Facebook da suka taɓa wani babba, har aka yi masa gyara a 2024. Haka kuma bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta kai ga dokar hana fita a Azare. An fasa shaguna, an yi ɓarna, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya yi sata a hukunta shi da laifin sata. Amma ranar 1 ga Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana daga Kano da Kaduna a babbar kotun tarayya ta Abuja, bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suna zubewa ƙasa don yunwa, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da hotunan suka karaɗe duniya Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Ba hujja ce ta fitar da su ba, kunya ce.

Ba mu kaɗai ba ne, in wannan zai sanyaya ran wani. Amurka ta buɗe kurkukun Gwantanamo a Janairun 2002, ta tsare mutane shekara da shekaru ba shari'a. Masar ta zauna a dokar ta-ɓaci daga 1981 har 2012.

Wanda ya karɓi aro kuma ana sa ran ya kawo lissafi, kuma nan ne muka fi sakaci. A 2013 an katse layukan waya a jihohin ta-ɓaci, mutanen ƙauyuka suka koka cewa ko sun ga maharan suna tahowa ba su da hanyar sanarwa. A Satumban 2021 aka maimaita a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Daga Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a zamanin ministanmu ɗan Gombe, Farfesa Isa Ali Pantami. Mun yi sammako, mun bi layi, tsofaffi da masu goyo, mun ba da hoton yatsu da na fuska, don an ce mai garkuwa da mutane ba zai ƙara kiran waya ya ɓuya ba. Har yau da waya ake cinikin kuɗin fansa. Shi kansa tsohon ministan ya fito a farkon 2024 yana kukan cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Majalisa ce ya kamata ta kira su ta ce, ga abin da jama'a suka bayar, ina abin da aka saya musu da shi? Wa ke da ikon buɗe bayanan nan, kuma da izinin wa?

A ƙasa-ƙasa, inda talaka ke haɗuwa da hukuma, akwai 'yan dokokin da sanin su ke rage ganin-dama. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, wato a tafi da uwa ko ƙane don ɗa ya gudu. Dokar 2017 ta mai da azabtarwa laifi, kuma "an umarce ni ne" ba ya zama kariya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tata, ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata, ya duba waɗanda ke tsare, ya tambayi dalili, ya ba da beli in ya dace. Ko ɗaya cikin waɗannan ba ya hana a kama ɗan ta'adda.

Kwanaki na ɗauki baffana a mota za mu Bauchi ta'aziyya. Ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni. Kafin mu kai Alkaleri muka tsaya a wani shinge, durom ɗin ya yi tsatsa, buhunan yashi sun fashe har ciyawa ta tsiro a kansu. Ba a buɗe but ba, ba a leƙa ƙarƙashin kujera ba, ba a tambayi inda muka fito ba. Mai kakin ya sunkuyo ta taga yana murmushi ya ce, "Alhaji, yaranka na nan fa, rana ta yi zafi." Direban motar haya da ke gabanmu ya riga ya miƙa tasa a dunƙule, bai ko taka birki sosai ba. Da muka wuce, Baffa ya juyo ya ce, "Wai har yanzu yaran nan ake nema a nan?" Na ce, "A'a, Baffa, an daɗe da korarsu daga wannan yankin." Ya yi shiru har muka hau gadar Dindima, sannan ya ce, "To wa ya ce su ci gaba da tsayawa?"